Don Allah wa ya san yadda ake gano marubucin sharhi marar suna?

Salam 'yan uwa, sati uku kenan ina fama da abu ɗaya, kaina har ya ɗau zafi. Ina rubuta furojet ɗina kan opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa, yadda kamfanin Carl Rosa ya riƙa yin sa da Turanci a Landan maimakon Italiyanci da manyan gari suka saba ji. Inda na maƙale shi ne wasan The Flying Dutchman na Wagner, Bajamushe mai tsara kiɗan opera, da suka yi a gidan wasa na Lyceum a Oktoban 1876, Charles Santley ne ya ja wasan.

Na samu sharhin jaridar The Times amma ba sunan kowa a ƙasa, haka suke bugawa a lokacin. Na san J. W. Davison ne mai sharhin kiɗansu a shekarun kuma ba ya shiri da kiɗan Wagner, to amma malamina ya ce zato ba hujja ba ne, ba zai karɓa ba. Hoton shafin da na sauke ma ya dushe, layi biyu ba sa karantuwa, na tura wa wani laburare a Ingila imel, shiru har yau.

Wace hanya ake bi a tabbatar Davison ne ya rubuta shi da hannunsa?