Neman kalmar Hausa: me za mu kira exfoliation a gyaran fatar fuska?

Mai fassara:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana a kan kalma guda. A jikin kwalaben gyaran fuska ana yawan rubuta exfoliation, abin shafawar kuma a ce masa exfoliant. Ana ba da shawarar yin sa ga wanda fuskarsa ta dusashe, da mai tabo-tabo, da wanda goshinsa da hancinsa ke maiƙo alhali kumatunsa a bushe suke. Kalmomi uku nake gani ana sa masa a Hausa: goge fata, kankare fata, ɓare fata. Kowacce na ɗauka sai in ji kamar tana umartar mai karatu ya ji wa kansa ciwo. Wacce ta fi dacewa, ko akwai wadda ta fi su?

Likitar fata:
Wa alaikumus salam. Malam, kunnenka ya ji daidai. Bari mu fara da abin da ke faruwa a fatar, sai mu ga kalmar da za ta hau.

A can saman fata akwai siririn rufi na matattun ƙwayoyin halitta, jere bisa jere, kamar hawa 15 zuwa 20. Mutane na ɗaukarsa datti, alhali shi ke hana ruwan jiki ƙafewa, shi ke tare ƙwayoyin cuta. Sababbin ƙwayoyi na tasowa daga ƙasa suna turo na sama, na saman su saki su faɗi ba tare da ido ya gani ba. A jikin matashi wannan zagaye yakan ci kusan mako huɗu, idan shekaru suka ja kuma sai ya riƙa nawa. In na saman suka ƙi sakin juna a kan kari sai su taru, fuska ta yi kaushi-kaushi, haske ya daina dawowa daga kanta sumul. Dusashewar ke nan. A inda maiƙo ya yi yawa kuma sukan cakuɗe da shi su toshe ƙofofin gashi, baƙaƙen ɗigo da ƙuraje su biyo baya.

Aikin da ake nufi shi ne a taimaka wa waɗanda lokacin faɗuwarsu ya yi su faɗi, iyakarsa ke nan. Don haka a soke kankare da ɓare tun yanzu. Ƙanzo ake kankarewa, ɓawo ake ɓarewa. Abin ya fi tsanani ga mai duhun fata: ƙwayoyin da ke yin launi, da zarar fata ta ƙuje ko ta kumbura, sai su zubo launi fiye da ƙima a wurin, ya bar baƙin tabo. Irin wannan tabo yakan ɗauki wata 6 zuwa 12 kafin ya dushe, wanda ya nutsa ciki kuwa ya fi haka. Wadda ta dirji fuska don ta kori tabo ɗaya tana iya tashi da biyar.

Malamin Hausa:
Likita, Allah ya ƙara basira. Abin da kika kwatanta yana da suna a Hausa tun tale-tale: saɓa. Maciji na yin saɓa, ƙadangare na yi, jariri sabon haihuwa ma fatarsa na saɓa. Abin da ya ja ni ga kalmar shi ne fatar ce ke yin aikin da kanta, ba wanda ya sa mata hannu. Ita kanta kalmar Turancin daga Latin ta fito, daga kalmar da ke nufin ganye, wato zubar da ganye. Ka ga ko a can tushen babu dirza.

Inda za a yi hattara: a rubuce saɓa na da 'yan uwa. Akwai saɓa alkawari, akwai saɓa kaya a kafaɗa. Amma in aka ce saɓar fata, ba mai ruɗewa.

Mai haɗa magunguna:
Malam, na karɓi saɓa da hannu biyu, amma ina da ja a wuri ɗaya. Bahaushe in ya ji saɓa, fata yake gani tana tashi fili-fili. Idan muka sa wa kwalba wannan suna, wata za ta shafa kwana uku, ta ga ba abin da ya tashi, ta ce bai yi aiki ba, ta ninka. A kayan amfanin gida kuwa, tashin fata a bayyane alama ce ta an wuce gona da iri.

Ga yadda sinadaran suke, don kalmar ta rufe su duka. Akwai masu narkewa a ruwa, waɗanda ake rubuta wa AHA: gilaikolik asid, laktik asid, mandelik asid. Suna sassauta ɗaurin da ke riƙe matattun ƙwayoyi da juna, sai su saki. Gilaikolik ne mafi ƙanƙantar ƙwaya, shi ya sa ya fi saurin shiga, ya fi kuma raɗaɗi. Mandelik ƙwayarsa babba ce, a hankali yake shiga, masu fata mai saurin fushi sun fi jure shi. Laktik yana tsakani, kuma yana taimaka wa fata ta riƙe danshi. Ƙa'idar da aka fi bi a kayan gida ita ce kada ƙarfinsu ya wuce kashi 10 cikin 100, ma'aunin tsaminsu na pH kuma kada ya sauka ƙasa da 3.5. Masu kashi 20 zuwa 70 na asibiti ne, a hannun ƙwararre, ana ƙirga musu mintuna a kashe kaifinsu.

Sai salisilik asid, BHA, wanda ke narkewa a mai. Saboda haka yake iya kutsawa cikin ƙofar gashin da maiƙo ya cika ya sassauta toshiyar daga ciki. Kashi 0.5 zuwa 2 ake sayarwa ba tare da takardar likita ba. Wanda jikinsa ba ya karɓar asfirin ya tambayi likita tukuna, don danginsu ɗaya.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ake gogawa. Shafawa ake yi a bari. To goge fata ma bai rufe su ba.

Mai gyaran fuska:
Kada dai a jefar da goge gaba ɗaya, don akwai nau'in da da hannu ake yinsa: man da ke da 'yan tsaki-tsaki a ciki, ko tattausan ƙyalle, ko burushin fuska. Wannan goge ne, ba shi da wani suna. Matsalar ƙarfin hannu ce da irin tsakin. A jiƙa fuska da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a ɗora a kan yatsu, a zagaya a hankali kamar daƙiƙa 30, a ɗauraye, a shafa mai tun fatar na da sauran laima. Sau ɗaya a mako ya isa. Tsaki mai kaifin gefe, irin na niƙaƙƙen ƙwallon 'ya'yan itace, yana yin ƙananan yanka da ba a gani sai an ji zogi. Kada a bi ta kan ƙurjin da ya nuna, ko rauni, ko inda rana ta ƙona.

Tunda masana na nan, ni ma ga tawa: fatar da ke maiƙo a wani wuri ta bushe a wani, na ga an rubuta mata fuska biyu. Hakan ya yi?

Malamin Hausa:
A'a Hajiya, bai yi ba sam. Fuska biyu munafunci ne, ba wadda za ta so a kira ta da shi. Fata mai yanki biyu ya fi, don yana nuna wa mai ita cewa wuri-wuri za ta bi: yankin maiƙo, wato goshi da hanci da haɓa, da yankin bushewa, wato kumatu.

Mu koma kan ja da mai haɗa magunguna ya yi, don yana da hujja. Mafita ita ce mu bar saɓa a matsayin sunan abin da fata ke yi da abin da ke zubowa, sai mu nemi aikatau da za mu jingina masa. Na gwada huɗu a baki. Cire saɓa: gajere ne, amma cirewa na kiran farce, wata za ta zauna gaban madubi tana ɓantara. Tayar da saɓa: shi ne ainihin abin da muke gudu. Sassauta saɓa: ya dace da asid ƙwarai, bai rufe ƙyalle da burushi ba. Kawar da saɓa: wannan ya zauna mini. Abin da ya riga ya tare hanya ake kawarwa, kuma ba a buƙatar ƙarfi.

A gwada shi a jimla. Ki riƙa kawar da saɓa sau biyu a mako. Kada a kawar da saɓa ranar da fuska ke raɗaɗi. Yawan kawar da saɓa na jawo tabo. Duk sun tafi ba tuntuɓe.

Abin shafawar fa, kada a ce maganin saɓa, don a Hausa maganin abu shi ne mai hana shi, kamar maganin tari. A ce ruwan saɓa in mai ruwa-ruwa ne, man saɓa in mai kauri ne.

Likitar fata:
Na gamsu. Kuma yanki biyu ya sauƙaƙa mini bayani, don kuskuren da aka fi yi shi ne a bi fuskar duka da abu ɗaya mai ƙarfi saboda hanci na ƙyalli, kumatu su ɗauki hukuncin laifin da ba nasu ba.

Da dare a wanke fuska da abin wanki mai laushi. Sabulun wanka na gama-gari pH ɗinsa yakan kai 9 zuwa 10, fata kuwa tana wajen 5, shi ya sa kumatu ke ɗaurewa bayan an yi amfani da shi. A tsane fuska ta bushe, don asid ya fi cizo a kan jiƙaƙƙiyar fata. A shafa salisilik mai kashi 2 a yankin maiƙo kaɗai, dare biyu a mako da farko, in an zauna lafiya mako biyu a kai dare uku. Kumatu kuwa laktik mai kashi 5 sau ɗaya a mako, a wani dare dabam, in ma suna buƙata. Sau da yawa dusashewar kumatu ƙishirwa ce kawai, man riƙe danshi ke kore ta. A kauce wa fatar ido da kusurwar hanci da gefen leɓe. Sabon abu kuma a fara gwada shi a ɗan wuri ƙarƙashin muƙamuƙi na 'yan kwanaki. Kada a haɗa asid da retinol, wato sinadarin gyaran fata dangin bitamin A, a dare ɗaya, mai juna biyu kuma ta bar retinol gaba ɗaya.

Da safe man kare rana mai SPF (ma'aunin ƙarfin kariyarsa) 30 ko sama, a matso tsawon yatsu biyu ga fuska da wuya. Wannan dole ne. AHA na sa fata ta fi jin rana, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da shawara a 2005 a riƙa rubuta gargaɗin a jikin kayan, cewa a kiyaye rana lokacin amfani da su da mako guda bayan an daina. Duhun fata ba ya ɗauke wa kowa wannan, don rana ce ke ƙara wa tabo baƙi.

Alamun an zarce: fuska ta yi wani sheƙi kamar an ja leda, man da aka saba da shi ya fara raɗaɗi, ƙananan ƙuraje su feso, wasu wurare su ƙara duhu. A ajiye komai mako biyu zuwa huɗu, sai wanki mai laushi da mai da man kare rana.

Abu biyu da nake so fassarar ta raba. Kawar da saɓa dabam, bilicin dabam. Kawar da saɓa ba ya canza launin da aka haifi mutum da shi. Sannan ba kowane rashin daidaiton launi ne na saɓa ba. Ƙyasbi ƙwayar cuta ce mai buƙatar maganinta, ana kuma samun faffaɗan duhu a kumatu da goshi mai alaƙa da juna biyu ko ƙwayoyin tsarin iyali, wanda dirza ke ƙara wa muni.

Mai fassara:
Allah ya saka da alheri. Abin da zan riƙe ke nan: kawar da saɓa ga aikin, kashi biyu, na goge da na sinadari, ruwan saɓa ko man saɓa ga abin shafawa, fata mai yanki biyu. Ga gwajin rubutun jikin kwalba, a duba mini: "Ruwan saɓa mai salisilik asid kashi 2. A shafa da dare a yankin maiƙo, sau biyu a mako, sannan a ɗauraye. A yi amfani da man kare rana."

Mai haɗa magunguna:
Malam, cire "sannan a ɗauraye". Ruwan saɓa irin wannan barinsa ake yi ya kwana, in an wanke nan take an zubar da rabin aikinsa. Wanda ake ɗaurayewa shi ne mai kumfa na wanke fuska, shi ma a bar shi kamar minti ɗaya kafin ruwa ya taɓa shi. Sai ka ƙara layi ɗaya a ƙasa, saboda abin da na faɗa tun farko: "Ba sai an ga fata na tashi ba. Ana fara ganin canji bayan mako 6 zuwa 8."