Shawarwari kan neman diyyar cutar da ƙurar asbestos ta haddasa

A wata tattaunawa da aka yi kan neman diyyar cutar da ake samu daga asbestos, wato wani ma'adini da aka riƙa sawa a kayan gini da kayan kare zafi, abin da mahalarta suka fi nanatawa shi ne lokaci. Cutar mesoteliyoma, wato kansar da shaƙar ƙurar asbestos ke haddasawa, wadda ke kama fatar da ta lulluɓe huhu, takan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana, amma da zarar likita ya tabbatar da ita, wa'adin shigar da ƙara gajere ne. A Ingila, alal misali, shekara 3 ne daga ranar da mutum ya san ciwon da sanadinsa.

Sai kuma hujja, kuma a ganina nan ne aikin yake. Ma'aikacin da ya yi shekaru yana yanka kwanon rufi ko naɗe bututun tukunyar jirgin ruwa, yana komawa gida da farar ƙura a rigarsa, ya kamata ya zauna da iyalinsa tun yana da ƙarfi ya rubuta inda ya yi aiki, shekarun da ya yi, da abokan aikin da za su iya ba da shaida. Matar da ta riƙa kakkaɓe rigar kafin ta wanke ita ma tana iya neman haƙƙinta idan ta kamu.

Rushewar kamfani ba ta kashe haƙƙi. A Amurka, kamfanin Johns-Manville, mai ƙera kayan asbestos, ya shelanta karyewa a 1982, daga baya aka kafa asusun biyan waɗanda suka kamu. An kuma ja hankali cewa a nemi lauyan da ya ƙware a wannan fanni, a tambayi kason da zai ɗauka kafin a sa hannu.