Yaya zan gyara shafinmu makaho ya iya cike fam?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Na gina wa Islamiyyar unguwarmu shafin intanet na rajistar ɗalibai. Wani mahaifi makaho, mai amfani da TalkBack (manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya) a wayarsa, ya ce muryar ba ta faɗa masa sunan kowane maɓalli, bai san inda zai danna ba. Abin ya dame ni matuƙa. Ta ina zan fara?

'Yar Zariya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ita manhajar, rubutu ta fi dogara da shi wajen karantawa. In maɓallinka hoto ne zalla, tana iya kasa faɗin sunansa. Ka rubuta wa kowane hoto bayaninsa a alt (wurin rubuta bayanin hoto a lambobin shafin), kowane gurbin cikewa kuma ka haɗa shi da label nasa, wato sunan gurbin: "Sunan ɗalibi", "Lambar waya". Kada ka dogara da rubutun toka-tokan nan na cikin gurbi, yana ɓacewa da zarar an fara rubutu. Sannan ka kunna TalkBack, ka rufe ido, ka cike fam ɗin da kanka.

Ɗan Maraɗi:
Ka tuna da dattawa masu raunin gani. Ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafuka, wadda ƙungiyar tsara ƙa'idojin intanet W3C ta fitar, tana son bambancin hasken rubutu da bango ya kai 4.5 zuwa 1. Ka kuma sa UTF-8, wato tsarin adana haruffa a shafi, don kada ƙ da ɗ su lalace a sunayen yara.

Ɗan Fagge:
Na gode, Yaya, na gode Malam. In na gyara, shi Baban zan roƙa ya fara gwadawa.