Sikelina yana rawa da zarar an tada inji: wa ya taɓa gamuwa da haka?

Mai injin casa, Argungu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da sikelin ƙasa mai ɗaukar kilo 300 da nake auna shanshera da shi. Kafin a tada inji lafiya lau yake. Da an kunna injin casa sai lambobi su kama rawa, buhu ɗaya ya nuna 98, ya haura 101, ya dawo 99. Wani manomi ya kusa kwashe kayansa, gani yake da gangan nake yi. An ce in sayi sabon lodsel, wato ƙarfen cikin sikeli da ke jin nauyi ya mayar da shi siginar lantarki. Kafin in kashe kuɗi, wanda ya taɓa gani ya ba mu labari.

Mai gyaran sikeli, Jega:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka sayi komai tukuna. Lodsel ɗin da ya mutu ba ya jiran a tada inji kafin ya yi ƙarya. Abin da ke fitowa daga cikinsa ne ɗan mitsitsi. Yawancinsu milibolt 2 (milibolt kashi 1 ne cikin 1000 na bolt) suke bayarwa a kan kowane bolt da aka ba su, to in an ba shi bolt 5, ko ka ɗora masa kilo 300 cif, milibolt 10 kawai zai fitar. Kilo ɗaya ke nan kashi 1 cikin 30 na milibolt. Wayar da ke ɗauke da wannan ɗan abin, in ta kwanta jikin wayar da ke kai wa motar injin wuta, sai ta riƙa kwasar na maƙwabciyarta.

Na je wani injin a hanyar Aliero, na tarar an ɗaure wayar sikeli da wayar janareta da igiyar roba guda, an bi da su jikin bango wai don tsafta. Kwance su kawai na yi, na raba su da kamar kamu biyu, inda ya zama dole su haɗu na sa suka gitta juna. Sikeli ya tsaya cak. Mai injin har ya ji nauyin biyana.

Mai injin casa, Argungu:
Malam kamar ka zo ka gani. Cikin bututu ɗaya suke.

Ma'aikacin sikelin mota, Gusau:
Namu ba inji ba ne, damina ce. Sikelin da tirela ke hawa lodsel da yawa gare shi, wayoyinsu duka a akwati ɗaya suke haɗuwa a ƙarƙashi. Duk Agusta sifili ya ƙi zama, babu mota a kai amma yana nuna kilo 40, an jima 60. Da aka buɗe akwatin, ga ɗigon ruwa jikin murfi, ga wani kore-kore ya fito tsakanin sukurori biyu da ke kusa da juna, ɗaya na wutar shiga, ɗaya na sigina. Ta wannan datti wuta ke ɗan tsallakawa. Aka goge da burushin haƙori da sifirit, aka busar, aka canja robar murfi, aka juya bakin wayoyin suka kalli ƙasa don ruwa ya daina bin su yana shiga. Alhaji ka duba naka, ƙurar ɓuntu in ta sha raɓa aikin da take yi ke nan.

Kuma don Allah duk mai sikeli kada ya bari a yi walda a jikinsa lodsel na haɗe. A gabana wani ya ƙone guda biyu.

Mai wayarin, Birnin Kebbi:
Ni inda nake yawan kama matsalar shi ne ragar ƙarfen nan da ta lulluɓe wayoyi huɗu na cikin kebul. Mutane sai su yanke ta su yar, ko in kebul ya gaza su ƙara da wayar rediyo su naɗe da salatif. Ragar nan ita ke tare hayaniyar lantarki ta waje. A haɗa ta da wayar ƙasa, wato wadda ke zuwa ga ƙarfen da aka binne a ƙasa, gaba da baya.

Mai gyaran sikeli, Jega:
Oga, ban yarda da gaba da baya ba. In ka haɗa ta da ƙasa a wuri biyu, kuma bolt ɗin wuraren biyu ba daidai yake ba, wuta za ta riƙa bin ragar kanta, ka jawo abin da kake gudu. Gefe ɗaya nake haɗawa, wajen allon lambobi. Sai dai a fara aunawa da mita, don akwai lodsel ɗin da tun daga kamfani an haɗa ragar da jikinsa, irin wannan sai a bar ɗaya gefen.

Mai wayarin, Birnin Kebbi:
A gidan da aka kafa ƙarfen ƙasa yadda ya kamata ban taɓa samun matsala ba. Amma gidaje nawa ne haka? Na bar maka.

Ɗaliba mai aikin kammala karatu, Ƙaura Namoda:
Iyayena ku ba ni dama, nawa ya ɗan bambanta. Tabarmar auna taku nake haɗawa, layin tagulla 8 a sama, 8 a ƙasa sun gitta, da baƙar ledar Velostat a tsakiya, wadda ke ƙara barin wuta ta wuce in an danna ta. Mahaɗa 64 ke nan da waya 16. In na danna wuri uku sai na huɗu da ban taɓa ba ya nuna nauyi, saboda wutar tana zagayawa ta cikin ukun ta ɓullo a layin da ake karantawa. Ita ledar ma tana kai wuta gefe, daga wannan layi zuwa na kusa da shi.

Da na yanka ledar ƙanana-ƙanana, kowace mahaɗa da nata, yoyon gefe ya ragu sosai. Na ɗayan kuwa sai da na daina barin layukan da ba a karantawa a sake, na sa Arduino, ɗan allon kwamfuta da ke karanta tabarmar, yana mayar da su bolt sifili, sannan ya ja baya. Malaminmu ya ce dayod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a kowace mahaɗa ya fi kashe shi, amma liƙa guda 64 da dalma ba wasa ba ne. Wani abu kuma, in aka sauya layi karatun farko yana zuwa da ragowar na baya, don haka nake zubar da shi in ɗauki na biyu.

Mai sayen zinari, Anka:
'Yata Allah ya ba da sa'a. Mu namu ƙaramin sikeli ne, amma ɗigo ɗaya kuɗi ne. Ba na awo yana jikin caja, kuma ba na bari a ajiye wayar salula kusa da shi, don na sha ganin lamba ta motsa daidai lokacin da kira zai shigo. Da hunturu kuma ledar da aka murza ma tana jan sa, sai mu zuba a ƙaramin kwanon ƙarfe.

Mai injin casa, Argungu:
Na gode ƙwarai. Mun zare wayar daga bututun, mun bi da ita ta ɗaya bangon. Rawar ta ragu, yanzu bai fi rabin kilo ba, kuma in na cire caja na bar shi a batir sai ya tsaya. Malam na Jega, cajar ce ke nan ko soket ɗin? Layi ɗaya yake da motar injin.

Mai gyaran sikeli, Jega:
Kai cajar wani soket da ba ya kan layin motar ka gwada, inji na aiki. In bai daina ba, nemi irin tasa ta asali. Ranar kasuwa in ka shigo Jega taho da ita in auna.