Ta ina za mu fara idan muna so mu daina aiki da takarda a ofis?

Jami'in gudanarwa:

Assalamu alaikum. Ni ne ke kula da harkokin gudanarwa a wani ƙaramin kamfani mai ma'aikata 18. A makon jiya mun shafe yini biyu muna neman wata yarjejeniya da muka ƙulla da wani mai kawo mana kaya, daga baya aka same ta an cusa ta cikin fayil ɗin wani abokin ciniki dabam. Haka kuma takardar neman hutu ko ta biyan kuɗi takan kwana uku ko huɗu a kan teburin shugabanmu duk lokacin da ya yi tafiya, aiki ya tsaya cak saboda sa hannu ɗaya. Yanzu ya amince mu mayar da komai cikin kwamfuta, kuma ni ya ɗora wa nauyin. Shin in fara da ɗaukar hoton tsofaffin fayilolin da suka cika mana kabad 6? Kuma da gaske ne wannan sauyi yana ƙara saurin aiki, ko kuwa wahala ce kawai za ta sauya kama?

Mai kula da ajiyar fayiloli:

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka taɓa kabad ɗin nan tukuna. Na ga ofisoshin da suka fara daga tsofaffin fayiloli, suka yi watanni ana ta sikanin, wato ɗaukar hoton takardu da na'ura, ma'aikata suka gaji, alhali sababbin takardu na ci gaba da taruwa a bayansu. Ka sa rana, ka ce daga ranar nan duk takardar da ta shigo ko ta fita a kwamfuta za a ajiye ta. Tsofaffin kuma sai a riƙa ɗaukar hotonsu a lokacin da aka buƙace su, domin za ka yi mamakin yawan waɗanda ba wanda zai sake tambayarsu.

Abin da ya ɓatar muku da yarjejeniyar nan rashin tsari ne, kuma rashin tsari yana bin mutum har cikin kwamfuta. Idan wannan ya sa wa fayil suna "sabuwar wasiƙa", wancan ya sa "wasiƙa ta ƙarshe", to bayan shekara guda za ku sake komawa gidan jiya. Ku tsayar da ƙa'ida ɗaya ta sa suna, kowa ya bi ta har da shugaba: shekara, wata, rana, sannan sunan abokin hulɗa da nau'in takardar. Amfanin fara suna da shekara shi ne kwamfuta da kanta za ta jera fayilolin bisa tsarin lokaci. Sannan idan za ku yi sikanin, ku saita na'urar a kan ɗigo 300 a kowane inci, ku kunna manhajar da ke gane rubutu a cikin hoto, wadda ake kira OCR, domin ita ce za ta ba ka damar rubuta kalma ɗaya ka ga takardar cikin daƙiƙoƙi. Sai dai ku gwada ta da takardun Hausa tun da wuri, saboda sau da yawa tana karanta ƙ, ɗ da ɓ a matsayin k, d da b.

Injiniyan kwamfuta:

Na yarda da Malama, amma ina da jan hankali guda wanda nake ganin ya fi komai. Takarda sai gobara ko ruwa ko gara ke cinye ta, fayil ɗin kwamfuta kuwa yana iya salwanta cikin ƙiftawar ido idan ma'ajiyar na'ura ta lalace, ko ɓarayin intanet suka kulle bayanai suna neman fansa. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka daɗe suna bi ita ce kwafi 3 a kan nau'in ma'ajiya 2, ɗaya daga ciki a wani wuri da ba ofis ba, misali rumbun intanet irin su Google Drive ko SharePoint. Kuma lokaci-lokaci a gwada dawo da fayil daga kwafin, a tabbatar yana buɗuwa. Takardun da za a daɗe ana ajiyewa a mayar da su PDF/A, nau'in PDF da aka tanada musamman domin dogon ajiya tun 2005. Kada kuma a bar fayilolin albashi da na lafiyar ma'aikata a buɗe ga kowa, kowane mutum ya sami kalmar sirrinsa da iyakar abin da zai iya gani.

Tsohon akanta:

Ɗan'uwa, tun a 1975 mujallar Business Week ta Amurka ta yi hasashen ofishin da babu takarda a cikinsa, amma a shekarun da suka biyo baya sai buga takardu ya ƙaru, domin firinta ta zo kusa da kowa. Dalili shi ne mutane sun sayi na'urori, ba su sauya hanyar aiki ba. Idan ma'aikaci zai cike fom a kwamfuta, ya buga shi, shugaba ya sa hannu da biro, a sake yin sikanin, to aikin ya ninku ne. Ribar gaske tana wajen amincewa: buƙata ta tafi wayar shugaba kai tsaye, ya amince daga inda yake, manhaja ta rubuta sunansa da lokacin. A nan ne kwana huɗun da ka ambata za su koma minti kaɗan.

Amma kada ku yaga asalin kowace takarda sai kun tuntuɓi lauya da mai binciken kuɗinku. Ƙasashe da yawa sun amince da sa hannu na lantarki, Amurka ta yi dokarsa a 2000, Tarayyar Turai kuma ta yi tata ƙa'idar a 2014, sai dai takardu irin na wasiyya da mallakar ƙasa sukan kasance da hukunci na dabam, kuma hukumomin haraji na da adadin shekarun da suke so a riƙe rasit. Ka kuma yi haƙuri da dattawan ma'aikata. Wanda ya yi shekara 20 yana riƙe da rajista ya fi kowa sanin inda takardu ke maƙalewa, ka zaunar da shi tun wajen tsara manyan fayiloli, kada ya ji kamar an zo raba shi da aikinsa.

Jami'in gudanarwa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na fasa batun kabad. Daga farkon wata mai zuwa zan fara da takardun neman hutu da na biyan kuɗi kaɗai, in riƙa rubuta kwanakin da kowace buƙata ke ɗauka kafin sauyin da bayansa, domin in nuna wa shugaba bambancin a fili. Malama, idan babu damuwa, ki rubuto mana misalin yadda kike sa wa rasit da yarjejeniya suna, in kai wa abokan aikina a taronmu na gaba.