Ƙwaya, faci ko allura: wanne ya karɓe ki?

Ta Nima: Salamu alaikum 'yan uwa na unguwannin Accra. Ni da aka haife ni namiji amma nake rayuwa a matsayin mace, na yanke shawarar fara estrogen, sinadarin da ke ba jiki siffar mace, amma kowa da abin da take gaya mini. Wata ma cewa ta yi ƙwayar tazarar haihuwa ta isa, tunda kowane kemis akwai ta. Waɗanda suka riga ni, don Allah me kuka gani a jikinku?

Yaya ta Sabon Zango: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki rufa wa kanki asiri, kar ki taɓa wannan ƙwaya. Ethinylestradiol ne a cikinta, ba estradiol, wato estrogen irin wanda jiki ke yi, ba. Ya fi sa jini ya daskare a jijiya, kuma awon estradiol ba ya nuna shi. Wata ƙawarmu ta daɗe tana sha, ga sigari, sai ƙafa ɗaya ta kumbura tana zogi. Sai da aka kwantar da ita aka ɗora ta kan maganin tsinka jini. Ni Progynova, ƙwayar estradiol, nake sha, likita ne ya yanka mini adadi. Ƙirji ya fara tasowa bayan wajen wata 4, murya kuwa tana nan yadda take. Estrogen ba ya taɓa ta.

Anti ta Madina: Da na haura 45 aka raba ni da ƙwaya aka ba ni faci na liƙawa a fata, don abin da ya shiga ta fata ba ya fara bi ta hanta, haɗarin daskarewar jini ya ragu. Sau 2 a mako nake canzawa. Damuwata zufar Accra: daga gida zuwa kasuwar Makola cikin trotro, motar haya, gefen facin ya ɗaye. Yanzu a ɗuwawu nake liƙawa bayan wanka, fata a bushe, ba mai.

Ta Mamobi: Allura nake yi. Kwanakin farko garau, gab da ta gaba sai kasala da saurin fushi. Da aka rage adadin aka matso da ranakun kusa, na samu sauƙi. Sirinji sau ɗaya tak, ba aro.

Yaya ta Sabon Zango: Na manta, in an haɗa miki da spironolactone, maganin da ke danne sinadarin maza, yana sa yawan fitsari. Azumin bara jiri ya wahalar da ni, sai aka mayar mini da shi bayan buɗa baki. A riƙa duba sinadarin potassium a jininki.

Ta Nima: Na gode Yaya. Tsorona asibiti ne. Tun da majalisar Ghana ta zartar da ƙudurin nan na hukunta 'yan LGBT a Fabrairun 2024 nake fargabar buɗe baki gaban ma'aikacin lafiya.

Anti ta Madina: Dukkanmu mun ji wannan tsoron, 'yata. Amma kar ki sha a makance. Shekarar farko duk wata 3 ake awon jini. In kina son haihuwa nan gaba, ki faɗa tun kafin ki fara. Ki neme ni ta gefe, ni zan raka ki.