Mi zan sa ma yaro a koko maimakon suga? Yana da tik ga kuma borin jini

Maman Sadik (Mabera):
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nika nema. Ɗana shekarunshi 7, tun bayan babbar sallah ya fara ƙyafta ido da ƙarfi yana ɗaga kafaɗa, sai kuma gyaran murya awa mai mura. Munka kai shi asibiti likita ya ce tik ne ba farfaɗiya ba, mu sa mai ido. To dama madarar shanu da gyaɗa na tada mai borin jini, kunun gyaɗa da fura da nono duk mun daina ba shi. Ni dai na lura in ya sha alewa da lemun leda mai kala na bakin makaranta abin na ƙaruwa. Ina son in cire suga amma wallahi koko babu zaƙi ture kofin yaka yi ya tahi makaranta da yunwa, abin na ci min rai. Zuma, mazarƙwaila ko dabino, wanne ya fi?

Hajiya Inna:
Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba shi lafiya. Dabino zaki riƙe. Ki samu busasshe ki wanke, ki cire ƙwallon ki jiƙa da dare, da safe ki markaɗa ki dama cikin kokon, guda biyu ko uku sun isa kofi ɗaya. In kin yi kunun aya da dabino ma ba ya neman suga ko kaɗan. Mazarƙwaila kam ruwan rake ne aka dahwa ya daskare, ita da suga uwa ɗaya uba ɗaya.

Ummu Hanan (ma'aikaciyar jinya):
Maman Sadik sannu da ƙoƙari. Gaskiya zan faɗa miki don kar ki kashe kuɗi kina jiran abin da ba zai zo ba: canza suga da zuma ba ya warkar da tik. Abin daga ƙwaƙwalwa yake, yakan fara tsakanin shekara 5 da 7, ya fi kama maza, yakan yi tsanani wajen shekara 10 zuwa 12 sannan ga yara da yawa ya lafa in sun girma. Kuma dama haka yake, ya taso sati biyu ya kwanta ya sake dawowa, shi ya sa uwa sai ta ɗauka wani abinci ne ya jawo ko ya magance.

Zuma kuwa hukumar lafiya ta duniya cikin suga take lissafa ta. Likitocin zuciya na Amurka sun ce yaro daga shekara 2 kar ya wuce giram 25 na sugan da ake ƙarawa a rana, wato ƙaramin cokali 6, har da na biskit da lemu. Dabino ya fi don yana da ɓawo da tsoka, amma shi ma zaƙi ne, a wanke baki. In akwai jariri gidan kar ki lasa mai zuma sai ya cika shekara 1, tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jarirai.

Ni lemun ledar nan ya fi tsaya min a rai, wasu sinadarin zaƙi na sakarin da kala kawai suka zuba, ba ki san mi ke ciki ba. Ki cire shi tare da shayi mai kauri da lemun kwalba baƙi saboda sinadarin kafin (caffeine) da ke cikinsu. Sannan tunda yana da borin jini, abu ɗaya zaki gwada lokaci guda, ki samu littafi ki rubuta abin da ya ci da yadda ya wuni na sati biyu, ki kai ma likitan yara a UDUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ki ce su duba idon ma, ƙurar hunturu na sa ƙaiƙayin ido yaro ya riƙa ƙyaftawa.

Baban Walid (Arkilla):
Nawa ya yi irin wannan yana aji uku. Kuskuren da na yi tsawa nika mai in ce ya bari, ashe ƙara mai nike, in ya danne sai ya fito da ƙarfi daga baya. Har yau ina jin ciwon hakan. Da muka daina kula shi, yana barci da wuri, na je na roƙi malaminsu kar a bari yara su kwaikwaye shi, sai abin ya yi sauƙi sosai. Suga kuwa rage mai munka yi kaɗan kaɗan, rabin cokali duk sati, bai ma gane ba.

Maman Sadik (Mabera):
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Wallahi ni ma ina mai tsawa, daga yau na bari. Hajiya na jiƙa dabinon yanzu, in ya karɓa gobe zan faɗa muku. Ummu Hanan ayar fa, tunda gyaɗa na tada mai ba matsala?

Ummu Hanan:
Aya ba dangin gyaɗa ba ce, saiwa ce. Amma ki kula da injin markaɗe na unguwa, an sha niƙa gyaɗa a ciki. Ki markaɗa a gida, ki fara da cokali biyu da rana ido na ganin ido.